Ɗaga Tsohuwar Motar Gudu a Gida: Kayan Aiki da Ƙa'idojin Tsira

Tsofaffin motocin gudu irin su Chevrolet Corvette da MGB da Jaguar E-Type da Datsun 240Z an ƙera su ne cikinsu dab da ƙasa, domin gajeriyar mota ta fi kama hanya a kwana, kuma iska ba ta cika turje mata ba. Tazarar da ke tsakanin cikin irin waɗannan motoci da ƙasa ba ta cika wuce santimita 11 zuwa 16 ba, har ma takan ragu idan sifirin ya gaji da shekaru. Ranar gyara wannan gajarta ke zama matsala, don ko juyen baƙin mai ba ya yiwuwa sai an ɗaga motar.

A Greensboro, birni na uku a yawan jama'a a jihar Karolina ta Arewa ta Amurka, wanda ƙidayar 2020 ta samu mutum 299,035 a cikinsa, sha'awar tsofaffin motoci ta yi jijiya. A nan kamfanin GAA Classic Cars ke gwanjon irin waɗannan motoci, kuma kudu kaɗan da birnin akwai Level Cross, mahaifar shahararren direban tsere Richard Petty. Kuɗin aikin bakanike a Amurka yana da tsada, shi ya sa da yawa daga masu waɗannan motoci ke yin ƙananan gyare-gyare da kansu a garejin gida, sau da yawa su kaɗai. Tsirar mai irin wannan aiki ta rataya ne kan abu uku: kayan da ya yi amfani da su, ƙasar da ya tsayar da motar, da wurin da ya kafa jak.

Aikin jak da aikin matokari

Jak mai aiki da mai yana bin ƙa'idar da masanin Faransa Blaise Pascal ya bayyana a ƙarni na 17: idan aka matsa mai a rufaffen mazubi, matsin yana isa kowane ɓangare daidai wa daida. Da haka ɗan ƙarfin hannu a kan ƙaramin fistin ke tura babban fistin ya ɗaga mota. Richard Dudgeon ne ya yi rajistar irin wannan jak na ɗauka a hannu a birnin New York a 1851. Sai dai duk nauyin da jak ya ɗauka yana kan 'yar robar da ke hana mai zuba ne da ƙaramin bawul. Idan robar ta tsage ko datti ya shiga bawul, mota na iya sauka a hankali, tana kuma iya faɗuwa farat ɗaya.

MGB ta kai kimanin tan ɗaya, Corvette ta shekarun 1968 zuwa 1982 kuwa wajen tan ɗaya da rabi. A ƙarƙashin doguwar mota mutum kan samu ɗan sarari ko da ta faɗi kan tayoyinta. Gajeriyar mota ba ta barin wannan sarari, don kaurin ƙirjin babban mutum ya fi tazarar cikinta da ƙasa. Wanda ta danne ba ya iya numfashi, kuma mintuna kaɗan sun isa ajali. Saboda haka ƙa'idar farko ita ce jak ya ɗaga, matokarin ƙarfe ya riƙe. Ƙaramin jak ɗin da ke zuwa da mota na canjin taya ne a bakin hanya kawai, ba a shiga ƙarƙashin motar da ke kansa.

Kayan aiki

Jak mai tayoyi na yau da kullum yakan yi wa waɗannan motoci tsayi, bakinsa ba ya shiga. Akwai gajere da aka yi musamman, wanda bakinsa ke sauka zuwa santimita 7 ko 9, wani kuma mai dogon hannu da ke kaiwa can tsakiyar mota. Mai ƙarfin tan biyu ya wadatar, tunda gefe ɗaya yake ɗagawa. Idan har gajeren bai shiga ba, ana shimfiɗa faffaɗan katako a gaban kowace taya a hau da motar a hankali. Katakon gini da aka fi samu a Amurka kaurinsa santimita 3.8 ne, kuma wannan ɗan ƙarin yakan isa.

Matokarai suna zuwa iri biyu: mai haƙora da harshen da ke kama su, da mai ramuka da ake zura ƙarfe a ciki. Wasu sun haɗa duka biyun, kuma su suka fi kwantar da hankali. A Amurka nauyin da aka rubuta a jikin matokari galibi na guda biyu ne a haɗe, kuma tan ɗinsu kilo 907 ne. Sabon kaya ma yana bukatar dubawa. A 2020 kamfanin Harbor Freight ya janye matokarai kimanin miliyan 1.7 masu sunan Pittsburgh, domin harshen yana iya suɓucewa daga haƙoran idan nauyi ya motsa, daga baya kuma ya janye wasu da ya bayar a madadinsu saboda matsalar walda. Wanda ya sayi na hannu a kasuwar gwanjo ya kamata ya duba lambarsa a jerin kayan da hukumar kiyaye haɗurran hanya ta ƙasar, NHTSA, ta sanar an janye.

Bulon siminti, wanda ake yawan gani a ƙarƙashin motoci a garejojin bakin titi na Kano da Zariya da Maraɗi, ba matokari ba ne. An yi shi ne ya ɗauki nauyin da ya bazu a kansa cikin gini. Idan ƙarfe ya danne shi a wuri guda, yakan rushe ba tare da wata alama ba. Sauran kayan su ne waigi na tayoyi, faifan roba mai tauri ko guntun katako da ake sa wa a bakin jak, da fitila mai haske.

Wurin aiki

Greensboro tana yankin Piedmont mai tuddai da gangara, don haka hanyar shiga gidaje da dama a karkace take. Ƙasar yankin jan yumɓu ce da ke yin laushi bayan ruwa, kwalta kuma takan yi taushi a watan Yuli, lokacin da zafin rana ke kaiwa wajen digiri 31, har ƙafar matokari ta nutse a ciki. Da zarar ƙafa ɗaya ta nutse, nauyi ya karkata. Wurin da ya dace shi ne daɓen kankare miƙaƙƙe, wanda aka share tsakuwa da mai daga kansa. Idan dole ta sa a yi a kan kwalta, ana shimfiɗa falanki mai kauri a ƙarƙashin kowane matokari. A kan gangara, ko ciyawa, ko tsakuwa, ba a ɗaga mota sam.

Sharar daɓe tana da wani dalili da mutane ke mantawa. Bakin jak mai tayoyi yana ja baya ne yayin da yake tashi, don haka dole jak ɗin ya riƙa gangarawa ƙarƙashin mota. Idan ɗan dutse ya tare tayarsa, motar ce za ta biyo shi, har ta zame daga bakinsa ko ta tuntsurar da matokaran da aka riga aka kafa a ɗaya gefen.

Inda ake kafa jak

Nan ne shekarun mota ke da muhimmanci. Littafin da ya zo da ita yana nuna wuraren ɗagawa, amma ya yi maganar sabon ƙarfe ne, ƙarfen yau kuwa ya shekara hamsin yana shan ruwa da gishirin da ake watsa wa tituna lokacin ƙanƙara. Kafin a ɗora nauyi ana duba wurin da fitila, a ƙwanƙwasa shi da ƙaramar guduma. Idan ya yi ƙarar fanko ko tsatsa ta zubo, sai a nemi wani wurin.

Bodin Corvette na faiba ne, ba ya tsatsa, shi ya sa mota kan yi ƙyalli a sama alhali firam ɗin ƙarfen da ke ƙasa ya ci, musamman daidai gaban tayoyin baya. A kan firam ake ɗaga ta, ba a taɓa faiba da jak. MGB, wadda aka ƙera daga 1962 zuwa 1980, ba ta da firam daban, bodinta ne ke ɗauke da komai. Ramin jak ɗinta na asali yana gefe, ƙarƙashin ƙofa, inda tsatsa ta fi ci, don haka an fi ɗaga gaba ta kan kakkauran ƙarfen da ya gitta ƙarƙashin inji, baya kuma ta tsakiyar aksul. Datsun 240Z ita ma ta yi suna wajen ruɓewar ƙarafan da ke bin ƙarƙashin daɓenta. Injin Jaguar E-Type yana zaune ne cikin siraran bututun ƙarfe, waɗanda idan jak ya lotsa su galibi sai an sauya. Porsche 911 kuwa injinta a baya yake, kusan kashi 60 cikin ɗari na nauyinta a can, saboda haka matokaran baya ne ke shan kaya. A kowace mota ba a kafa jak a kaskon baƙin mai, ko lagireto, ko salansa, ko tankin fetur, ko siririn daɓen da ake taka ƙafa.

Tsarin ɗagawa

Ana kashe inji a bar shi ya huce, a sa giya ɗaya, a ja birkin hannu. Birkin hannu da giya duk tayoyin baya suke riƙewa a waɗannan motoci, don haka da zarar an ɗaga baya, babu abin da ke hana mota gangarawa sai waigi. Ana sa shi gaba da bayan tayoyin da za su zauna a ƙasa. Idan za a cire taya, ana sassauta notika tun tana ƙasa, domin fizgar sifana a kan ɗagaggiyar mota na iya girgiza ta.

Sannan a ɗaga a hankali ana kallon bakin jak. Matokarai biyu ake kafawa, tsayinsu ɗaya, dama da hagu. A buɗe bawul kaɗan kaɗan har motar ta zauna a kansu, a tabbatar kowace ƙafar matokari na taɓa ƙasa. Idan duka motar ake so a ɗaga, ana yi daki-daki: gaba zuwa rabi, baya zuwa rabi, sannan a ƙara. Bayan haka sai a kama motar a girgiza ta da ƙarfi ta kowane gefe. Gara ta faɗi a lokacin, ba kowa a ƙarƙashinta. A ƙarshe ana barin jak yana taɓa ƙarfe ba tare da nauyi ba, a kuma tura tayar da aka cire ƙarƙashin gefen mota, ta zama kariya ta biyu.

A ƙarƙashin mota

Cire abu mai nauyi kamar inji ko giyabos yana sauya daidaiton mota, gefen da ya yi sauƙi na iya tashi daga matokari. Taurin noti ma haɗari ne, don jan dogon sifana a kaikaice yana tura mota gefe. Ba a tayar da inji a rufaffen gareji, saboda hayaƙinsa na ɗauke da iskar guba marar wari, tsofaffin injuna masu kafireto kuma sun fi na zamani fitar da ita. Yana da kyau wani a gidan ya san ana aiki, waya kuma tana kusa da hannu. Lambar neman agaji a Amurka ita ce 911.

Saukewa tana bin tsarin ɗagawa ne a juye: a kwashe kaya, a ɗaga kaɗan, a zare matokarai, a sauke a hankali kan katakon da aka hau, sannan a ƙarasa ɗaure notika tayar tana ƙasa. Idan aka duba aka rasa wuri mai ƙwari da zai ɗauki nauyin motar, aikin ya wuce na gida, sai a kai ta garejin da ke da injin ɗaga mota da ƙwararren mai walda.