Romiyo da Juliyet: me Juliyet take tambaya a bakin taga?

Ɗalibai da dama da ke karanta wasan kwaikwayon "Romiyo da Juliyet" na William Shakespeare, wanda aka fara bugawa a Ingila a 1597, suna tuntuɓe da kalma guda a zancen masoyan biyu. A kashi na 2, fitowa ta 2, Juliyet tana bakin taga da dare, tana magana ita kaɗai, ba ta san Romiyo na laɓe a lambu ba. Kalmar da ta yi amfani da ita, "wherefore", ta yi kama da "ina" a Turancin yau, shi ya sa ake zaton cigiyarsa take yi. A tsohon Turanci kuwa ma'anarta "don me". Masu karanta fassarar Faransanci sun huta, domin "pourquoi" suke gani.

Abin da ke damunta shi ne sunansa. Shi ɗan gidan Montague ne, ita 'yar gidan Capulet, gidaje biyu na birnin Verona a Italiya da suka daɗe suna gaba. Tambayarta ita ce: don me wanda zuciyarta ta kama ya fito daga gidan abokan gaba?

Daga nan sai a lura da yadda kowannensu ke magana. Romiyo yana ta kirari, yana kwatanta ta da rana. Juliyet, wadda ba ta cika shekara 14 ba, ita ce mai lissafi. Ta tambaye shi yadda ya haura katanga, ta gargaɗe shi cewa danginta za su kashe shi in sun gan shi. Da ya so ya rantse da wata, ta hana shi, tunda wata kullum sauya kama yake. Ta ce abin ya yi sauri da yawa, amma kuma ita ce ta fara kawo maganar aure. Wannan saɓani ne ya fi komai ban tausayi a fitowar.

Akwai kuma wakilin suna. A wajen biki, inda suka fara haɗuwa, Juliyet ta kira shi da "you", kamar "vous" na Faransanci ko "ku" na girmamawa. A bakin taga ta koma "thou", wato "tu", ko "kai". Tsakanin biyun, sa'o'i kaɗan ne kacal.