Daga Suri zuwa Kanti: Yadda Tsarin Gini ke Rage Hayaƙi a Kudancin Kaduna

Duk wanda ya haye kogin Kaduna ya nufi Barnawa, ko Kakuri, ko Television, ko Sabon Tasha, zai lura da sauyin da ya samu harkar ciniki a wannan yanki. A da, sunan yankin ya fita ne saboda masana'antu. A Kakuri aka kafa masaƙar Kaduna Textiles a 1957, a nan ne kuma kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a 1975. Yau yawancin masaƙun sun yi tsit, amma jama'a sai ƙaruwa take yi, tare da ita kuma kantunan zamani suka yawaita, wato irin waɗanda mutum kan shiga ya ɗauki kwando ya zaɓi kayansa da kansa, ya biya a bakin ƙofa. Gabansu gilashi ne, cikinsu sanyi da hasken fitilu ko da rana tsaka, a bayansu kuwa janareta na ta ruri.

Wannan ruri shi ne abin dubawa. Kowace lita ɗaya ta man dizal da aka ƙona tana sakin kimanin kilo 2.7 na iskar kabon, wadda ita ce kan gaba cikin iskokin da ke riƙe zafi a sararin samaniya. Alal misali, janaretan da ke shan lita 10 a awa, in ya yi awa 10 yana aiki, ya saki kilo 270 ke nan kafin a rufe kanti. Jimillar irin wannan iska da gini ke jawowa, ko ta janareta ko ta wutar layi, ita masana ke kira sawun kabon na ginin. Abin da ba kasafai ake lura da shi ba kuwa shi ne, tun ranar da aka zana gini a takarda aka yanke yawancin girman wannan sawu.

Kaduna tana kimanin digiri 10 da rabi ne arewa da layin da ya raba duniya biyu. Saboda haka rana kan tsaya daidai bisa ƙoƙon kai sau biyu a shekara, wajen tsakiyar Afrilu da kuma ƙarshen Agusta, sauran watannin ma ba ta yin nisa da tsakiya. Ma'anar wannan ita ce, rufi ne ke shan mafi yawan zafi, sa'an nan bangon gabas da hantsi, da bangon yamma da la'asar. Kanti kuwa yawanci faffaɗan ɗaki ne mai hawa ɗaya, kusan dukkansa rufi ne. In aka rufa shi da kwano mai duhun launi, ba tare da wani abu mai tare zafi tsakanin kwano da silin ba, to an gina tanda ne, sa'an nan a sayo iyakwandishan don ta yaƙi tandar. Farin kwano, da shimfiɗar abin tare zafi a ƙarƙashinsa, da rata mai barin iska ta ratsa ta saman silin, duk suna rage aikin da na'urar za ta yi har ƙarshen rayuwar ginin. Haka nan mai zane da ya san aikinsa zai miƙar da tsawon gini daga gabas zuwa yamma, ya mayar da tagogi kudu da arewa, inda 'yar rumfa kaɗan ke isa ta yi musu inuwa. Gilashin da ya fuskanci yamma ado ne mai tsada.

Magina na dauri sun san wannan ba tare da lissafi ba. Katangar tubali mai kauri da rufin soro na azara suna shanye zafin rana a hankali, ba sa sakinsa ciki sai dare ya raba.

Sai dai kanti ya bambanta da gida ko ofis ta fuska guda, wato firji. A manyan kantunan ƙasashen waje an auna an ga sanyaya abinci kan cinye kusan rabin wutar da kanti ke sha. Ba kuma abin da za a iya kashewa ba ne, domin dalilin na ilmin halitta ne. Ƙwayoyin bakteriya suna hayayyafa da sauri tsakanin digiri 5 da 60 na ma'aunin Salshiyas, kuma tumatir da ganye, ko bayan an tsinke su, suna ci gaba da numfashi suna ƙona sukarin jikinsu. Bisa ƙiyasi, duk ƙarin digiri 10 na zafi kan ninka saurin wannan aiki sau biyu ko fiye. Kaza da kifi da nonon roba ba sa jiran a kawo wuta.

Firji ba ya ƙirƙirar sanyi; zafi yake kwasowa daga cikinsa ya zubar ta baya. Don haka kantin da ya jera firiza goma a tsakar ɗaki, kowace na huci, ya sa iyakwandishan aiki biyu. Gyaran a nan na tsari ne: a fitar da injinan da ke huci waje, a wuri mai inuwa da iska, a sa wa kantocin sanyi ƙofofin gilashi maimakon barinsu a buɗe, a kuma nisanta su da gidan burodi da ƙofar shiga.

Akwai kuma wata ɓarna da ba ta da hayaƙi ko ƙara. Iskar da ake ɗura wa firji, in ta tsiyaye, ta fi kabon illa nesa ba kusa ba. Kilo ɗaya na R-22 daidai yake da kusan kilo 1,800 na iskar kabon, na R-404A kuwa kusan kilo 3,900, wato kamar a ƙona lita 1,450 ta dizal. Yarjejeniyar Montreal ta 1987 da gyaran da aka yi mata a Kigali a 2016, wanda Nijeriya ta amince da shi a 2018, sun tanadi rage irin waɗannan iskoki sannu a hankali. Firizoji masu amfani da R-290 sun riga sun shigo kasuwa, kuma illar wannan iska ga yanayi 'yar kaɗan ce, sai dai tana kama wuta, saboda haka tana bukatar ƙwararren mai gyara.

A birnin Harare na Zimbabuwe akwai wani rukunin kantuna da ofisoshi mai suna Eastgate, wanda Mick Pearce ya zana, aka buɗe a 1996. Ya ɗauki darasinsa ne daga surin gara. Da dare fankoki kan tura sanyayyar iska ta cikin ramukan kankare, kankaren ya yi sanyi, da rana ya shanye zafin ɗakuna, iska mai ɗumi kuma ta fice ta bututun da ke saman rufi. Abin sha'awa, binciken da aka yi daga baya ya nuna suri ya fi kama da huhu bisa ga na'urar sanyi, domin babban aikinsa shi ne musayar iskar numfashi ga garar da ke ƙasa, kuma bambancin zafin dare da rana na daga cikin abin da ke juya iskar a cikinsa. Fahimtar farko ba ta cika daidai ba, amma ginin ya yi aiki. Ko da yake haka ne, a yi hattara wajen kwaikwayo. Harare tana bisa tudu mai tsawon kusan mita 1,500, darenta da sanyi. Kaduna kuwa wajen mita 600 take. Wannan dabara za ta yi amfani sosai da hunturu, lokacin da dare ke sanyi iska kuma a bushe, amma a daren bazara na Maris da Afrilu, ko cikin laimar damina, ba za ta wadatar ita kaɗai ba. Bishiyar darbejiya ko maɗaci a yammacin gini ta fi tabbas, domin bayan inuwa, ruwan da ganyenta ke fitarwa yana sanyaya iskar da ke kewaye.

Faffaɗan rufin nan da ya zama matsala shi ne kuma wurin shimfiɗa allunan sola, kuma sa'a ita ce lokacin da firji ya fi bukatar wuta shi ne lokacin da rana ta fi ƙarfi. 'Yan kasuwar Sabon Gari a Kano sun ga misalin haka tun 2018, lokacin da aka fara ba shaguna wutar sola ƙarƙashin wani shiri na hukumar samar da lantarki a karkara. Sharaɗi ɗaya shi ne a riƙa wanke ƙurar hunturu daga kan allunan.

Ta fuskar doka, Gwamnatin Tarayya ta fitar da ƙa'idar tsimin makamashi a gine-gine a 2017, wadda ta yi magana kan girman tagogi da inuwarsu, da tare zafin rufi, da fitilu, da ingancin iyakwandishan. Amma ta fi karkata ga gidaje da ofisoshi, kuma amincewa da zanen gini a hannun hukumomin jiha yake. Ga kuma wani cikas da ya fi na doka wuya: da yawa daga cikin kantunan nan haya suke yi. Mai gini shi ke zaɓen kwano, shi ke yanke shawarar ko za a sa abin tare zafi, alhali ɗan haya ne ke sayen dizal kowace safiya.