Shin Ko Kun San? Turbobin da Suka Girmi Kwalta

Shin ko kun san a ƙasar Faransa akwai mutanen da ke karɓar hutu a wurin aiki, su biya kuɗin jirgin ƙasa, don kawai su je ƙauye su yi ta tafiya a ƙafa? A nan Kanya Babba, in mutum yana da kuɗin acaɓa a aljihu ya ce shi sai ya taka zuwa Babura, tambayar farko da za a yi masa ita ce, "Malam, lafiya kuwa?"

Shin ko kun san tun 1947 Faransawa suka fara shata turbobin da masu wannan tafiya ke bi? Ba su zuba kwalta ba, ba su kafa gada ba. Fenti kawai suka ɗauka. Zane biyu ne, fari a sama, ja a ƙasa, a jikin itace ko dutse ko katangar gona. In ka ga zanen ya gitta juna, to ka yi ɓatan kai, sai ka juya. 'Yan sa-kai ne ke bi da gwangwanin fenti suna sabunta alamar, kuma tsawon hanyoyin da aka yi wa alama a ƙasar ya haura kilomita 180,000.

Yawancinsu tsofaffin hanyoyi ne. Wadda ta bi bakin teku a yankin Biritaniya ta Faransa, mai fiye da kilomita 2,000, asalinta turbar 'yan kwastan ce ta 1791, inda suke laɓe wa 'yan fasa-ƙwauri. Mutanen kan iyaka, kun dai ji.

Shin ko kun san jaka ɗaya ta jawo wa wani yankinsu baƙi har yau? A 1878 wani marubuci ɗan Sukotilan, Robert Louis Stevenson, ya yi kwana 12 yana ratsa tsaunukan kudancin Faransa da wata jaka mai taurin kai da ya saya. Ya rubuta littafi a kan tafiyar. Yanzu hanyar tana amsa sunansa, ana ma ba da hayar jakuna ga masu son kwaikwayonsa. Kwana 12 fa! Fataken da ke kora jakuna daga Kano zuwa Gwanja neman goro watanni suke yi kafin su ga Salaga, da madugu da jagaba da uban dawaki, a sauka zango a tashi zango, a biya fito a bakin kogi. Su ba a sa wa hanyar sunansu ba.

To mu dawo gida.

Shin ko kun san ƙasar nan tamu tana kan tsohuwar hanyar ayari? Daga Kano a bi Kazaure, a faɗa Daura, a wuce Damagaram, sai Damargu, sai Azbin. Raƙuma na saukowa bayan kaka da kantun gishirin Bilma da Fachi da dabino, su koma da gero da fatu da turkuɗin Kura. Manomi yakan yi murna in ayari ya yada zango a gonarsa, don raƙuman sun bar masa taki. Titin da ya taso daga Kunya ya ratsa Kanya Babba ya nufi Babura da Babban Mutum shi ma arewa ya dosa, ta Magarya zuwa Zinder.

Shin ko kun san duwatsun Kazaure sun haura shekara miliyan 500? Masana ƙasa sun san su sarai, har sunan garin suka ba wannan jerin duwatsu a littattafansu. Wanda ya taso daga jigawar Babura, inda ƙasa take shimfiɗe rairayi ne ko'ina, yana dosar yamma zai ga tuddai sun miƙe a jere, masu fararen tsakuwa da ke cin takalmi. Haka suke har wajen Roni. Mai son hawa ya fita da sassafe a lokacin hunturu, kafin rana ta take. Sai dai ya shirya wa ƙarangiya: za ta maƙale a ƙafar wando tun daga idon sawu har gwiwa, in kuma ka ce da yatsa za ka cire ta, yatsan ne zai ji a jikinsa. Tsofaffin mafarauta da ɗan kara suke kankare ta. Daga sama kuwa za ka hango ruwan dam ɗin Kazaure, da gonakin da aka girbe, da layin amalanke a cikin yashi, da kukoki tsirara.

Shin ko kun san waɗannan tuddai suna cikin abin da ya sa Kazaure ta zama masarauta mai cin gashin kanta? Ɗan Tunku, Bafulatani daga cikin mayaƙan jihadi, ya ƙi yi wa Sarkin Kano Ibrahim Dabo mubaya'a bayan da Dabo ya hau gado a 1819. Aka yi shekaru ana gwabzawa. Ƙasa mai tudu da kwazazzabai ba ta yi wa dawakin mahara daɗi. Wani Bature matafiyi, Kilafaton, da ya shiga Kano a watan Janairun 1824, ya tarar ana zancen wannan tawaye, har ya ambaci Ɗan Tunku a littafin tafiyarsa. A ƙarshe Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya raba gardama, Kazaure ta koma bin Sakkwato kai tsaye. A 1824 Ɗan Tunku ya rasu, ɗansa Dambo ya gaje shi, shi ne kuma ya kafa gadon sarauta a garin Kazaure. Wannan labari kaɗai ya isa a shata masa turba daga Ɗambatta zuwa ƙofar fadar Kazaure, da allo a kowane zango. A ganina ɗaliban kwalejin kimiyya da fasaha ta Hussaini Adamu za su iya aikin a hutu ɗaya, in an ba su fenti da abinci.

Shin ko kun san Babura ba ta cikin masarautar Kazaure? Kazaure, Roni, Gwiwa da 'Yankwashi su ne ƙasar Sarkin Kazaure. Babura, har da Kanya Babba, ta koma ƙarƙashin masarautar Ringim bayan an ƙirƙiro jihar Jigawa ranar 27 ga Agusta, 1991. Kafin nan ƙasar Kano ce.

Shin ko kun san iyakar da ke arewa da mu da ƙafa da doki aka auna ta? Tsakanin 1906 da 1908 wani hafsan Faransa, Kyaftin Tilho, da takwaransa na Ingila, Manjo O'Shee, suka bi ƙasa daga kogin Kwara har tafkin Chadi suna kafa alamomi 148. Layin da suka ja shi ne ya sa wa yana Najeriya, ƙane yana Nijar, alhali rijiya ɗaya kakanninsu suka sha.

Shin ko kun san burtali ma kayan tarihi ne? A 2011 hukumar UNESCO ta sa wani yanki na kudancin Faransa cikin wuraren gadon duniya saboda kiwo, har da hanyoyin da tumaki ke bi su hau tsauni da bazara su sauko da sanyi. Burtali ke nan, ba wani abu ba. Mu nan Jihar Arewa ta yi dokar makiyaya tun 1965, amma kowace damina sai garma ta ɗan ciji gefen burtali, wannan ya ci taku ɗaya, maƙwabcinsa ya ci biyu. Burtalin da garke ke wucewa a sake ya koma sai saniya ɗaya-ɗaya, daga nan kuma sai a ji an tafi gaban alƙali kan ɓarna. Wannan ya fi kowane abu a cikin jerin nan ci mini rai.

Shin ko kun san Jigawa tana da zanen kogo? A Birnin Kudu, a Dutsen Mesa da Dutsen Habude, akwai zanen shanu a jikin dutse, shanun kuma ba su da tozo, ba irin bunajin da muke kiwo yanzu ba. Akwai kuma duwatsun da in ka buga sai su yi amo. Bernard Fagg, mai binciken kayan tarihi, ya yi rubutu a kansu a shekarun 1950. Faransawa suna da nasu a Lasko, wanda samari huɗu suka gano a 1940. Da numfashin 'yan kallo ya fara lalata zanen, sai suka rufe kogon a 1963, suka gina na kwaikwayo a kusa, aka buɗe a 1983, mutane kuma suka ci gaba da biyan kuɗi suna kallon kwafi.

Rijiyar Kusugu ta Daura kuwa ba sai an gaya wa kowa ba. Daga Kazaure, Daura tafiyar ƙasa da awa ɗaya ce a mota, kuma har yanzu ana ɗiban ruwan rijiyar a ba baƙo ya sha.

Shin ko kun san layin dogon Kano zuwa Maraɗi, mai kilomita 284, wanda shugaban ƙasa na lokacin, Muhammadu Buhari, ya ƙaddamar da aikinsa a watan Fabrairun 2021, sawun raƙuma ya fara bi? Daga Kano sai Ɗambatta, sai Kazaure, sai Daura. A nan ne ya rabu da hanyar Damagaram, ya karkata yamma ta Mashi da Katsina da Jibiya.