Wasannin bidiyo: Tsakanin kwamfuta da PlayStation, wa ya fi kyan hoto?

A watan Nuwamban 2024 ne kamfanin Sony na ƙasar Japan ya fito da na'urar wasannin bidiyo ta PlayStation 5 Pro, a kan kuɗi kusan dalar Amurka 700.

Watanni biyu bayan haka, sai kamfanin Nvidia na Amurka ya kai wani katin sarrafa hotuna kasuwa mai suna RTX 5090, wanda farashinsa ya kama kusan dala 2,000. Wannan kuwa kati ne guda ɗaya tak da ake sokawa a cikin kwamfuta, ban da kuɗin ita kwamfutar, ban da na allo.

Wannan tazara ta sake tayar da muhawarar da aka shafe kimanin shekaru 30 ana tafkawa, a kan ko kwamfuta ce ta fi fitar da hoto mai kyau, ko kuwa na'urorin da ake jonawa da talabijin, irin su PlayStation da Xbox da Nintendo.

Batun dai ya wuce gardamar matasa, domin maganar kuɗi ce mai yawa, kuma tallace-tallacen kamfanonin sun sha nuna abin da ba shi mai saye ke tararwa ba idan ya kunna a gida.

Abin da ido ke gani

Hoton da ke kan allo tarin ƙananan ɗigogi ne masu launi. Allon da ake kira 1080p yana da ɗigo 1,920 a kwance da 1,080 a tsaye, wato ɗigo miliyan biyu da 'yan kai. Wanda ake kira 4K kuwa yana da sama da miliyan takwas, ninki huɗu ke nan.

A fim, an riga an ɗauki hotunan tun tuni, nuna su kawai ake yi, guda 24 a kowane sakan. A wasan bidiyo kuwa ba haka abin yake ba. Dole na'urar ta zana kowane hoto nan take, domin ba ta san ko mai wasan dama zai juya ko hagu ba.

Idan ana son motsi ya tafi sumul, sai ta zana hoto 60 a sakan ɗaya. A allon 4K, hakan na nufin lissafa launin ɗigogi kusan miliyan 500 a kowane sakan, tare da inuwa da hayaƙi da ƙyallin ruwa da fuskokin mutane.

A nan ne ake cinikin. Duk ƙarfin da aka kashe wajen ƙawata hoto, an rage shi ne daga saurin motsi. Shekara da shekaru masu ƙera wasannin na'urorin talabijin sun zaɓi ƙawa, suka tsaya a kan hoto 30 a sakan, yayin da masu kwamfuta mai ƙarfi ke samun 60, daga baya ma 144 ko fiye.

Yadda tseren ya faro

Lokacin da PlayStation ta farko ta fito a Japan a watan Disamban 1994, ta fi akasarin kwamfutocin gida iya zana hotuna masu zurfi, waɗanda mutum ke jin kamar zai kutsa cikinsu.

To amma a 1996 wani ƙaramin kamfani a jihar Kaliforniya mai suna 3dfx ya fito da katin Voodoo, wanda ba shi da wani aiki sai zana irin waɗannan hotuna. A 1999 kuma Nvidia ya biyo baya da GeForce 256, kuma a ƙarshen shekarar 2000 ya saye kadarorin 3dfx bayan da kamfanin ya durƙushe.

Tun daga wannan lokaci ne aka shiga wani yanayi da ya yi ta maimaita kansa. Sabuwar na'ura za ta fito da ƙarfinta, ta kamo kwamfuta ko ma ta ɗan wuce ta, sannan ta tsaya cik har tsawon shekaru shida ko bakwai, alhali katunan kwamfuta na sabuntawa kusan duk bayan shekara biyu.

Xbox 360 ta kamfanin Microsoft, wadda ta fito a Nuwamban 2005, ita ce misali mafi kyau. Ƙwaƙwalwar zanenta, ƙirar kamfanin ATI na Kanada, ta zo da wani sabon tsarin rarraba aiki da bai iso kwamfutoci ba sai bayan shekara guda, da fitowar katin GeForce 8800.

Sai dai fifikon bai daɗe ba. Duka ma'adanar aikin Xbox 360 megabait 512 ce, haka ma ta PlayStation 3 da ta fito a 2006, alhali babban samfurin wancan kati shi kaɗai yana ɗauke da megabait 768.

A 2007 kamfanin Crytek na birnin Frankfurt a Jamus ya fito da wasan Crysis domin kwamfuta kaɗai. Dazuzzuka da tekun da ke cikin wasan sun yi nauyin da hatta kwamfutoci mafi tsada na lokacin sai da suka yi nishi, har ta kai ga duk sabuwar kwamfutar da ta fito, akan tambaya cikin raha ko za ta iya ɗaukar Crysis. Wasan bai isa na'urorin talabijin ba sai a 2011, kuma sai da aka rage masa kaya.

A wannan shekara ta 2007 ne kuma masu ƙidayar ɗigogi suka gano cewa wasan Halo 3, abin alfaharin Microsoft, layi 640 yake zanawa a tsaye, bai kai 720 ɗin da ake ɗauka a matsayin mafarin hoto mai inganci ba.

Amfanin tsayawa wuri guda

Sai dai kuma tsayawar da na'ura ke yi ba asara ce zalla ba. Mai ƙera wasa domin PlayStation ya san ainihin abin da ke cikin kowace ɗaya daga miliyoyin da aka sayar, don haka yana iya tatsar ta har ɗigon ƙarshe, kamar telan da ya auna mutum guda ya ɗinka masa riga.

Mai ƙera wasan kwamfuta kuwa riga yake ɗinka wa kasuwa baki ɗaya. Akwai dubban haɗe-haɗen katuna da ƙwaƙwale da manhajoji, kuma ba zai yiwu ya gwada dukkansu ba.

Wannan ne ya sa wasannin da ke fitowa a ƙarshen rayuwar na'ura sukan fi na farkonta kyau nesa ba kusa ba. Wasan The Last of Us, wanda ya fito a 2013 a kan PlayStation 3 mai kusan shekaru bakwai a duniya, ya ba masana mamaki ganin abin da aka fitar daga megabait 512.

Haka kuma alƙaluman da kamfanoni ke tallatawa ba su cika faɗin gaskiyar magana duka ba. A kan takarda, Xbox Series X na iya lissafi tiriliyan 12 a sakan, PlayStation 5 kuma tiriliyan 10 da ɗoriya. Amma da masu sharhi na Digital Foundry a Biritaniya suka gwada wasanni iri ɗaya a kan na'urorin biyu bayan fitowarsu a Nuwamban 2020, sau da dama sun tarar da kunnen doki, wani lokaci ma PlayStation ce a gaba.

Kowane ɓangare dai ya taɓa jin kunya. A watan Yunin 2015 kamfanin Warner Bros ya janye samfurin kwamfuta na wasan Batman: Arkham Knight daga kasuwa saboda yawan sarƙewa, alhali yana tafiya lafiya lau a PlayStation 4.

A Disamban 2020 kuma sai reshe ya juye da mujiya. Wasan Cyberpunk 2077 na kamfanin CD Projekt da ke Poland ya yi kyau a manyan kwamfutoci, amma ya yi muni a PlayStation 4 har Sony ya cire shi daga shagonsa na intanet, ya kuma mayar wa masu saye kuɗinsu. Bai dawo da shi ba sai a watan Yunin 2021.

Akwai kuma batun talla. Hotunan wasan Watch Dogs da kamfanin Ubisoft na Faransa ya nuna a wani baje koli a Los Angeles a 2012 sun fi na wasan da aka sayar a 2014 kyau, lamarin da ya jawo zargin cewa an rage ingancin ne domin na'urorin talabijin su iya ɗauka.

Haske da hasashe

Tun daga 2013, bambancin da ke tsakanin ɓangarorin biyu ya ragu ta fuskar ƙira. PlayStation 4 da Xbox One, da ma waɗanda suka gaje su, duk suna amfani ne da ƙwaƙwalen kamfanin AMD, dangin waɗanda ke cikin kwamfutoci. Ana iya cewa kwamfutoci ne da aka rufe a cikin akwati.

Inda kwamfuta ta yi zarra a 'yan shekarun nan shi ne fasahar bin sawun haske. A da, masu zane dabaru suke yi domin kwaikwayon inuwa da ƙyalli. A wannan fasaha kuwa, na'urar na lissafa hanyar da haske ke bi daga fitila zuwa bango zuwa ido, kamar yadda yake yi a zahiri.

Nvidia ne ya fara sa ta a katunan gida a 2018. PlayStation 5 da Xbox Series X ma suna iya yi, amma kaɗan-kaɗan, domin lissafin na da nauyin gaske.

Nauyin ne ma ya haifar da wata sabuwar dabara. Maimakon a zana ɗigogi miliyan takwas, sai a zana rabi ko rubu'i, sannan ƙirƙirarriyar basira ta yi hasashen sauran ta cike gurbin. Nvidia na kiran tasa DLSS, Sony ya sa irinta a PlayStation 5 Pro, Nintendo ma ya ɗauki ta Nvidia a na'urarsa ta Switch 2 da ta fito a Yunin 2025.

Daga 2022 dabarar ta kai ga ƙirƙiro cikakkun hotuna ana cusa su tsakanin na ainihi. A Janairun 2025 shugaban Nvidia, Jensen Huang, ya yi iƙirarin cewa katin RTX 5070 na dala 549 zai yi aikin RTX 4090, wanda aka fara sayarwa a kan dala 1,599. Masu gwaji sun gano cewa hakan na tabbata ne kawai idan aka ƙidaya hotunan hasashen, waɗanda masu suka ke kira na jabu. Don haka kalmar 4K da ke jikin kwali ba ta nuna ɗigogi nawa aka zana da gaske.

Kuɗi da wutar lantarki

Idan ana maganar ƙololuwa, babu tababa kwamfuta ce a sama. To amma mutum nawa ne ke da irin wannan kwamfuta?

Ƙididdigar da kamfanin Valve ke fitarwa duk wata daga shagonsa na Steam ta nuna cewa a 2025 fiye da rabin masu wasa a kwamfuta allon 1080p suke amfani da shi, kuma katunan da suka fi yawa matsakaita ne, waɗanda ƙarfinsu bai yi wa na PlayStation 5 nisa ba.

Su ma masu na'urar ba ƙawa ce ta fi damunsu ba. A Satumban 2024, Mark Cerny, wanda ya jagoranci ƙera PlayStation 5, ya ce idan aka ba 'yan wasa zaɓi tsakanin kyan hoto da saurin motsi, kusan kashi uku cikin huɗu na lokutan sauri suke zaɓa.

Tarihin ciniki ma bai goyi bayan mai ƙarfi ba. Wii ta Nintendo ce mafi raunin hoto a zamaninta, amma an sayar da fiye da miliyan 100, ta zarce Xbox 360 da PlayStation 3.

Ga masu shagunan gem a birane irin su Kano da Kaduna da Damagaram, inda ƙwallon ƙafa ke kan gaba kuma janareta ko hasken rana ke riƙe da sana'ar, lissafin wuta na da muhimmanci. PlayStation 5 na jan kimanin wat 200 a lokacin wasa, alhali katin RTX 5090 shi kaɗai na iya jan wat 575.

A fagen ƙwallon ma, an sha barin kwamfuta a baya. Samfurin kwamfuta na FIFA 14 bai samu sabon tsarin zanen da aka ba PlayStation 4 ba, haka kuma FIFA 21 da FIFA 22 na kwamfuta irin na tsofaffin na'urori ne, komai tsadar katin mai shi. Sai a FIFA 23 aka daidaita su.

A watan Yunin 2025 ne dai Microsoft ya sanar da yarjejeniyar shekaru da dama da AMD domin ƙera Xbox ta gaba, kuma a Oktoban shekarar kamfanin Asus na Taiwan ya fito da wata na'urar hannu mai ɗauke da sunan Xbox, wadda a cikinta kwamfuta ce mai amfani da manhajar Windows.