Ɗa Tilo da Kiran Soja

Wanda ya taɓa zama cikin mutanen Masar, ko da don neman ilimi a Azhar ne, ba zai rasa jin kalmar tajnidi ba, watau aikin soja na tilas wanda hukuma ta wajabta wa kowane namiji lafiyayye daga shekara 18 zuwa 30, wanda kuma tsawonsa yake bin zurfin karatun mutum, ta yadda mai digirin jami'a zai yi shekara 1, mai ƙarancin karatu kuwa ya yi 3. Amma duk da tsananin wannan hukunci, doka mai lamba 127 ta shekarar 1980 ta ware wasu mutane ta ɗauke musu nauyi, cikinsu har da ɗa tilo ga mahaifinsa.

A nan ne fa abin yake buƙatar a tsaya a yi nazari, domin kalmar tilo a bakin wannan doka ba ita ce tilo a bakin tsohuwa ba. Saurayin da ya taso tsakanin 'yan'uwa mata bakwai tilo ne, tun da maza kaɗai ake ƙirgawa, kuma ta wajen uba ake ƙirga su. Saboda haka wanda yake shi kaɗai ne a ɗakin mahaifiyarsa, alhali kuwa yana da ɗan'uba a ɗakin kishiyarta, ya fita daga wannan babi. Idan mahaifin ya rasu, ko kuwa rashin lafiya ya hana shi neman abinci har abada, afuwar ta dindindin ce. Idan kuwa yana raye da ƙarfinsa, ta wucin gadi ce, domin ranar da Allah ya azurta shi da wani ɗa namiji dalilin ya gushe, kamar yadda taimama take warwarewa da samun ruwa. Mai karatu zai ji ƙamshin birrul walidaini a cikin wannan tsari, musamman in ya tuna hadisin mutumin da ya nemi izinin fita jihadi, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya mayar da shi ga hidimar iyayensa. Sai dai a ganina dokar ta fi kula da tsufan uba da wanzuwar zuriyarsa fiye da hawayen uwa, ko da yake ta yi wa mai ciyar da mahaifiyarsa wadda mijinta ya rasu rangwame na wani lokaci.

Mutanen Amurka kuwa ta wata ƙofa suka shigo, bayan da aka riga aka zubar da jini. A watan Nuwamba na 1942 Japanawa suka nutsar da jirgin yaƙi mai suna Juneau kusa da tsibirin Gwadalkanal, yana ɗauke da 'yan'uwa biyar 'yan gidan Sulliban na jihar Ayowa, waɗanda su da kansu suka nace a haɗa su jirgi ɗaya, ba kuwa wanda ya koma gida. A 1948 aka kafa dokar da ta kare ɗan da ya rage shi kaɗai bayan aikin soja ya cinye 'yan'uwansa, a 1971 kuma aka faɗaɗa ta ga duk wanda ya rasa uba ko ɗan'uwa ko 'yar'uwa ta wannan hanya. Jama'a da yawa a can suna zaton haihuwar mutum shi kaɗai ta isa ta kuɓutar da shi, alhali ba haka ba ne. Ko wanda dokar ta kare ma, kariyarsa takan faɗi ranar da Majalisa ta ayyana yaƙi.