Wai Ba Abin Da Ke Ɓacewa A Kwamfuta? Gaskiya Da Ƙarya Kan Ajiyar Bayanai

Akwai wata magana da ta yaɗu a shagunan gyaran waya da wuraren buga takardu, har da ofisoshi: wai babu abin da ke ɓacewa a kwamfuta, duk abin da aka goge akwai manhajar da za ta tono shi. Tana da 'yar'uwa kuma: wai muddin wayarka ko kwamfutarka ta nuna maka ta yi ajiya, to ka kwanta ka yi barcinka. Kowaccensu tana da ƙamshin gaskiya, kuma wannan ƙamshin ne yake jawo wa mutane asarar furojet ɗin ajin ƙarshe, da lissafin bashin shago, da hotunan iyayen da suka riga mu gidan gaskiya.

Gaskiyar da ke cikin ta farko ita ce wannan. Idan ka goge fayil daga memori, ko filash, ko tsohon faifan kwamfuta mai juyawa, ba a nan take ake shafe shi ba. Kamar mai gidan haya ne ya cire sunan ɗan haya daga littafinsa ya ce ɗakin babu kowa, alhali kayan mutumin suna ciki, kuma za su ci gaba da zama har ranar da sabon ɗan haya ya shigo da nasa. Manhajojin tono bayanai irin su Recuva, ko PhotoRec da TestDisk waɗanda wani Bafaranshe mai suna Christophe Grenier ya ƙirƙira kuma kyauta ake samunsu, wannan kayan da ba a kwashe ba suke nema. Ko fomat na gaggawa aka yi wa memori, sau da yawa hotuna suna dawowa, sai dai PhotoRec yakan dawo da su babu sunayensu na asali, mutum ya zauna yana buɗewa ɗaya bayan ɗaya. Don haka ma mai sayar da tsohon memori ko mai ba da aronsa ya yi hattara, domin abin da ya goge na iya faɗawa hannun wani.

Amma akwai sharaɗi, kuma a nan mutane suke cutar kansu da hannunsu. Da zarar ka gane ka goge abu mai muhimmanci, ka daina amfani da wannan memorin ko faifan. Kada ka ƙara ɗaukar hoto ko ɗaya. Kada ka sauke manhajar tonon a kan faifan da abin ya ɓace, kuma kada ka zuba abin da aka tono a kansa. Duk sabon abin da ya shiga yana iya hawa kan tsohon, kuma abin da aka rubuta wani a kansa ya tafi ke nan, babu manhajar da za ta dawo da shi, ta kuɗi ce ko ta kyauta.

Inda maganar ta zama ƙarya tsagwaronta shi ne a kan na'urorin yau. Yawancin sababbin kwamfutocin cinya suna zuwa da faifan SSD, wanda ke da wani tsari da ake kira TRIM: kwamfutar takan sanar da faifan wuraren da aka goge, shi kuma ya share su da kansa, sau da yawa cikin ɗan ƙanƙanin lokaci. Wayoyin Android na zamani da iPhone kuwa a kulle suke ajiye bayanai, da mabuɗin sirri. Idan aka mayar da waya yadda ta fito daga kamfani, mabuɗin ne ake lalatawa, abin da ya rage kuma tarkace ne da ba ya karantuwa. Duk wanda ya karɓi kuɗinka a kan zai tono hotunan wayar zamani da aka riga aka wanke, ko bai san aikin ba ne, ko kuma daga Google ko iCloud zai sauko maka da abin da dama yana can.

Batun saka faifan da ya lalace a firiza wai don ya farfaɗo kuwa, ku rabu da shi. Raɓa ce za ta taru a ciki ta ƙarasa shi. Faifan da ya fara ƙara ƙas-ƙas, kashe kwamfutar ake yi, ba a ta kunna shi ana gwadawa.

Magana ta biyu ta fi damuna, domin masu faɗawa cikinta su ne waɗanda suka yi ƙoƙarin yin abin da ya dace. Mutum zai ce maka, "Ai komai nawa yana Google." To, wane iri? Idan babban fayil ɗinka yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da Google Drive ko OneDrive, abin da ka goge a nan can ma zai goge, fayil ɗin da ya lalace a nan lalatacce zai hau can. Google Drive yana riƙe abin da aka jefa kwandon shara kwana 30 ne, daga nan ya tafi. Filin kyauta da Google ke bayarwa gigabait 15 ne, Gmail da hotuna da Drive duk a ciki, kuma yanzu ajiyar WhatsApp ta wayar Android ma a cikinsa ake lissafa ta. Apple gigabait 5 yake bayarwa. Idan filin ya cika da bidiyon biki da saƙonnin murya, ajiyar takan tsaya, mai waya bai lura ba sai ranar da aka ƙwace wayar. Wanda ya kulle ajiyar WhatsApp ɗinsa da kalmar sirri ko mabuɗi mai lamba 64 ya kyauta, amma idan ya manta, kamfanin ma ba zai iya buɗe masa ba. Google kuma ya ce daga Disambar 2023 zai iya goge asusun da ya yi shekara biyu ba a taɓa shi ba.

Ga wata matsalar da ta zama ruwan dare a wurinmu. Mutum ya sayi waya, yaron shago ya buɗe masa Gmail a tsaye, ya sa kalmar sirrin da ta zo bakinsa, kowa ya kama gabansa. Shekara uku wayar tana tura hotuna da lambobin mutane zuwa asusun da mai wayar bai san sunansa ba, balle kalmar sirrinsa. Ajiyar tana nan lafiya lau, mai ita ne ba shi da hanyar isa gare ta.

Shin manhajar ajiya abin dogaro ce? Eh, masu kyau suna aikinsu, kuma wanda yake da ita ya fi wanda ba shi da ita nesa ba kusa ba. Amma ba a amince mata ido rufe, kuma ba ƙananan mutane kaɗai wannan ya kayar ba. A 1998, ana tsakiyar haɗa fim ɗin Toy Story 2 a kamfanin Pixar na Amurka, wani ya ba da umarnin gogewa bisa kuskure, mafi yawan aikin ya tafi. Da aka ɗauko ajiya sai aka tarar ta daɗe ba ta aiki daidai. Abin da ya cece su shi ne wata babbar ma'aikaciya, Galyn Susman, wadda ke aiki daga gida saboda ta haihu, tana da kwafi a kwamfutarta. A ranar 31 ga Janairun 2017, wani injiniyan kamfanin GitLab ya goge kusan gigabait 300 na rumbun bayanansu. Hanyoyin ajiya biyar suke da su, amma aka rasa wadda ke aiki yadda aka zata. Ɗaya daga ciki ta jima tana gazawa, saƙon gargaɗin kuma ba ya isa ga kowa. Da wani kwafi da aka ɗauka awa shida kafin lamarin suka farfaɗo, aikin waɗannan awowi kuwa ya salwanta. A Disambar 2021 kuma, a Jami'ar Kyoto ta Japan, tsarin ajiyar ne da kansa, bayan an sabunta shi, ya goge kimanin terabait 77 na bayanan masu bincike.

Pixar da GitLab duk sun yi ajiya. Abin da ba su yi ba shi ne gwada dawo da ita kafin ranar buƙata. A ganina wannan ne ainihin ma'aunin: ba a cewa mutum yana da ajiya sai ya taɓa ɗauko fayil daga cikinta ya buɗe ya ga ya buɗu.

Sai batun wuri. Kwafin da ke cikin kwamfuta ɗaya da na asali, ko filash ɗin da ke jaka ɗaya da kwamfutar, ɓarawo ɗaya ne zai tafi da su, gobara ɗaya ce za ta cinye su. A Maris 2021 wuta ta cinye ɗaya daga cikin cibiyoyin kamfanin OVHcloud a birnin Strasbourg na Faransa, kuma wasu abokan hulɗar da ajiyarsu ke wuri ɗaya da bayanansu sun rasa duka biyun. A Yunin 2017, cutar kwamfuta mai suna NotPetya ta durƙusar da Maersk, babban kamfanin jiragen ruwan dakon kaya na Denmark. Kwamfutocin da ke riƙe da rajistar shiga tsarinsu duk a haɗe suke, sai cutar ta bi su gaba ɗaya. Wadda ta tsira tana ofishinsu na Ghana, saboda an ɗauke wuta kafin harin, ta fita daga layi. Sai da aka kai faifanta Najeriya, daga nan wani ma'aikaci ya wuce da shi Ingila. Duk da haka kamfanin ya sake girka kwamfutoci kusan 45,000, ya yi asarar da ta kai dala miliyan 250 zuwa 300.

Wannan labarin ya kuma rushe zancen cewa idan an biya masu kulle wa mutum bayanai kuɗin fansa komai zai dawo. NotPetya ta nemi kuɗi, amma ba a gina ta don ta mayar da komai ba. Kamfanin bututun mai na Colonial Pipeline a Amurka ya biya kuɗin fansa wajen dala miliyan 4.4 a 2021, mabuɗin da aka ba shi kuma ya yi ta jan ƙafa, har ya koma ga ajiyarsa.

A kuma kula da filash na bogi. Akwai wanda aka rubuta masa gigabait 64 ko fiye, alhali cikinsa bai kai rabin haka ba. Zai nuna maka ya karɓi fayil, suna yana nan, amma ka buɗe ka tarar babu komai. Manhajar H2testw tana tona asirin irinsa kafin ka ba shi amana.

Masu wannan sana'a suna da ƙa'idar da suke kira 3-2-1, wadda mai ɗaukar hoto Peter Krogh ya yaɗa: kwafi uku, a kan na'urori iri biyu, ɗaya a wani wuri daban. Ga ɗalibi, wannan na nufin kwamfutarsa, da filash mai kyau da ake cirewa bayan an gama kwafa, da kwafi a imel ko Drive. Ga mai shago, kwafi ɗaya ya riƙa kwana a gida.

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, yau ɗin nan ka buɗe WhatsApp ka duba ranar da ya yi ajiyar ƙarshe. Ka tabbatar ka san sunan Gmail ɗinka da kalmar sirrinsa, ka rubuta su a takarda ka adana. Sannan ka ɗauko fayil ɗaya daga ajiyarka, ka buɗe shi a wata na'urar da ba taka ba. In bai buɗu ba, ka gyara tun na asalin yana hannunka.