Babur da injin garka: abin da za ka gyara da hannunka, da abin da za ka bar wa bakanike



Akwai wata magana da ba ta ƙarewa a bakin garaji da tashar mota. Wani ya ce ya kai babur ɗinsa da ciwo ɗaya, ya komo da shi da ciwo uku. Wani ya ce ya biya kuɗin sabon ƙarfe, aka wanke tsoho aka mayar masa. Har wasu sun yi rantsuwa ba su ƙara kai abin hawansu wurin bakanike, su za su riƙa kwancewa da kansu. To, wannan magana tana son a zauna a duba ta, domin dukiyarka ce a ciki, har da ranka.

Yadda inji ya shigo gona

Dattawa sun san lokacin da jaki da amalanke da raƙumi ke ɗaukar kayan kasuwa duka. Mota sai bisa gudoron da ya taso daga Yamai, ya bi ta Doso da Dutsi ya nufi Ƙwanni. Daga baya Pijo 404 da 504 masu buɗaɗɗen baya suka kama hanyoyin ƙauye. Bayan farin 1984, gwamnatin Seyni Kunce ta yi kira ga noman rani, garake suka yawaita cikin Dallol Mauri, inda ruwa ba shi da nisa, da bakin tabkuna irin Tabkin Saw na Dutsi. Guga da wasaki ba su isa shayar da dankalin turawa da albasa da tumatir masu yawa, sai injin ban ruwa ya shigo. Bayan shekara ta 2000 kuma babura ƴan Sin masu sauƙin kuɗi suka cika ƙauyuka.

Yau babur shi ne jakin gida. Shi ke kai mai naƙuda likita, shi ke kai buhun wake kasuwa. Injin garka kuwa, in ya tsaya kwana uku cikin zafi, shuka ta sunkuya, aikin wata biyu ya tafi.

Daga ina rashin yarda ya fito?

Gaskiya ne akwai kanikawa marasa tsoron Allah, kuma wake ɗaya ke ɓata gari. Akwai wanda bai ƙare koyo ba ya buɗe rumfa, yana koyon sana'a bisa dukiyar mutane. Amma ba kowane laifi ne na bakanike ba.

Na farko, kayan gyara. A watan Janairu na 1994 aka rage darajar kuɗin sefa da rabi, duk abin da ke zuwa daga waje ya yi tsada. Tun daga nan mutane suka ƙara raja'a ga kayan kwance da na jabu. Ƙarfe biyu kama ɗaya, kwali ɗaya, amma ɗaya ya yi shekara, ɗaya ya yi wata. In kai da kanka ka ce a sa maka mai araha, kada ka zagi wanda ya ɗaura. Araha ba ta ado.

Na biyu, mai. Shekaru da yawa isansin kwalba da ke ƙetarowa daga Nijeriya shi ne abincin injunanmu. A watan Mayu na 2023 Nijeriya ta janye tallafin mai, farashi ya tashi, sannan iyaka ta rufe daga Agusta na 2023 har Maris na 2024. Duk sa'ad da mai ya yi wuya, masu ha'inci kan gauraya shi. Man da ya kwana cikin jarka mai datti ko tano mai tsatsa yana ɗauke da ruwa da ƙasa, su ne ke toshe karbirato. Bakanike ya wanke yau, gobe ka sake zuba irin wannan man, jibi ka ce bai iya aiki ba.

Na uku, ƙasarmu. Rairayi da ƙurar hunturu suna cin inji kamar yadda gara ke cin rumbu.

Abin da hannunka ya isa ya yi

Rigakafi ya fi magani. Yawancin abin da ke kai mutum garaji, sakaci ne ya haife shi. Ga ayyukan da ba su buƙatar kowa sai kai da ƴan makullai biyu ko uku.

Man inji. Kowace safiya, kafin ka tada inji, ka duba man. A ajiye babur ko injin garka wuri mai daidai, a zare ma'auni, a goge, a mayar, a sake dubawa. Ƙaramin injin garka sabo ana juye mansa bayan awa 20 na aiki, daga nan kuma duk awa 100. In kana ban ruwa awa huɗu kullum, kwana 25 ke nan. Ka yi zane a bango kamar yadda ake lissafin bashi. Babur mai bin hanyar rairayi, kada ya wuce kilomita 1000 ba a juye ba. Ka juye tun inji na da ɗumi, don datti ya biyo man. Ka sayi mai cikin galan mai hatimi. Baƙin man da ka fid da kuma, kada ka zubar kusa da rijiya, domin ruwan Dallol kusa yake.

Matatar iska. Ita ce hancin inji. In ta soso ce, a wanke da ruwa da sabulu, a bari ta bushe sarai, a ɗiga mata ɗan man inji, a matse, a mayar. In ta takarda ce, a kakkaɓe ta a hankali, ba a wanke ta. Lokacin hunturu ka duba ta duk mako. Wanda ya cire ta ya yar don inji ya ƙara gudu, ya buɗe wa rairayi ƙofa.

Buji. Shi ne ke faɗa maka lafiyar cikin inji. In bakinsa ruwan ƙasa ne, lafiya lau. In ya yi baƙin toka, mai ya yi yawa ko matatar iska ta toshe. In ya jiƙe da baƙin mai, ciwo na ciki, wannan aikin bakanike ne. Ka riƙa yawo da buji ɗaya sabo da makullinsa.

Isansi. Ka ɗaga kwalba ka duba gindinta a rana: ruwa ya fi mai nauyi, ƙasa yake kwanciya. Ka tace da tsumma mai tsabta kafin ka zuba. Kada ka zuƙi mai da baki, kada ka zuba inji na aiki ko kusa da mai shan taba.

Sarƙa da taya. Sarƙar babur ta riƙa motsi sama da ƙasa kamar faɗin yatsa biyu. In ta ɗaure ƙwarai ta ci haƙora, in ta saki ta faɗi bisa gudu. A wanke ta, a sa mata mai kaɗan, don mai yawa rairayi yake kamawa. Faci da famfo kuma kada su rabu da kai, ƙayar aduwa ba ta san mai sauri ba.

Injin garka. Kada ka taɓa tada shi ba ka cika cikin famfon da ruwa ba. In ya juya a bushe, robar da ke tare ruwa ta ƙone cikin ɗan lokaci. Ka sa rariya a bakin tiyo, ka ɗaga shi daga laka. In rani ya ƙare, ka fid da ruwa da mai kafin ka ajiye. Kada a tada inji cikin ɗaki ko cikin rijiya mai zurfi: hayaƙinsa na kashe mutum ba shi ji ba shi gani.

Inda za ka tsaya

Garin gyaran gira kada a rasa ido. Buɗe cikin inji, sauya fistan da zobba, ƙwacin giya, wayoyin wuta da suka rikice, birki da sitiyarin mota, duk waɗannan sai mai sani da kayan aiki. Ƙusa ɗaya da ba ta ɗauru ba a birki, ran fasinja ne. In kana da mota, kada ka buɗe murfin radiyata tana tafasa, kada ka shiga ƙarƙashinta tana bisa jak kaɗai ba a tokare ta da gungume ba.

Hayaƙi ma ya kan gaya maka lokacin tafiya garaji. Shuɗi, inji na shan man juye. Baƙi, isansi ya yi yawa. Fari mai kauri da ba ya yankewa a mota, ruwa na shiga inji. In ka ji ƙwanƙwasa daga ciki, ka kashe nan take. Tura babur kilomita biyu ya fi sayen sabon inji.

Yadda za ka zauna da bakanike

Ka tambayi ƴan kabu-kabu da direbobin tasha wa suke kai wa, su ne suka san mai hannu. In ka samu na kirki, ka riƙe shi shi ɗaya, ya san injinka kamar yadda ka san gonarka. Ka faɗa masa abin da ka ji da abin da ka gani, ka bar shi ya nemo ciwon. Ku yanke kuɗin aiki tun ba a kwance ƙusa ba. Ku tafi sayen kaya tare, ko ka sayo da kanka. Ka zauna a yi aikin gabanka, ka karɓi tsohon ƙarfen da aka cire ka tafi da shi. Mai gaskiya ba ya jin haushin wannan. Kai ma ka biya shi hakkinsa kan lokaci: wanda ke bin ka bashin bara ba zai yi maka aikin bana da zuciya ɗaya ba.

Masu garake da ke cikin ƙungiya, ku duba wata shawara. Ku zaɓi yaro ɗaya mai natsuwa, ku tura shi koyo wurin gwani ko cibiyar koyar da sana'o'i, ku haɗa kuɗi ku saya masa makullai. Ku ajiye buji, mai da roba a hannun ma'ajin ƙungiya tun kafin a dasa iri. Ranar da inji ya tsaya, ɗanku ne zai duba shi, a bakin rijiya, ba sai an jira ranar kasuwa ba.

Allah ya tsare mana dukiyarmu, ya ba mu rani mai albarka da damana mai kyau.